Na Gyara Mata Aiki, Aka Ba Ta Sifili

Bappa, a taimaka mini kafin in yi aika-aika. Ni ne Farfesa Dakta Alhaji, wanda masanan kimiyya daga Misau har Disina suke cire takalmi kafin su gaishe shi. An wulaƙanta wani yaron gidana, Sha'aban, kuma ba zan bari ba.

Ƙanwarsa Khaulat tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Azare. Ta faɗi a babur, hannun dama ya karye, ga aikin kemistiri da ake haɗa makinsa da na jarrabawa. Ta lallaɓa ta yi da hagu, ta ba shi ya kwafe mata, don rubutunsa sai ka rantse inji ne ya buga. Ya ga ta soke wasu haruffa a lissafin, biyu a dama, biyu a hagu, layin ƙarshe kuma guntu. Mu da muka yi allo, mai kwafi ba ya zubar da ko wasali. Ya ɗauka rawar hannu ce, ya mayar da komai, ya cike guntun layin tsaf.

Malam Abdulsamad, malaminsu na kemistiri, ya ba ta sifili. Bai tsaya nan ba, ya ɗaga takardar a aji ya ce mai rubutun ya iya zane, amma saman benensa ba kowa, wato ba ƙwaƙwalwa. Aka yi ta dariya. Har yau Khaulat ba ta amsa gaisuwar Sha'aban.

Litinin suna da gwaji. A aikin nan na ji cewa in gishiri ya shiga ruwan azurfar ɗakin gwaji, fari yake yi kamar kindirmo. Mai gadin makarantar abokina ne, zai bar ni in shiga. Zan zuba a kwalbar Malam, ya buɗe gaban yara, shi ma ya ɗanɗana dariya. Cokali nawa zai isa?

To, Bappa, ba wani farfesa. Ni ne Sha'aban ɗin, mai gyaran waya. Na ga wasiƙun manya kuke fara bugawa.

AMSA

Ɗana Sha'aban, ajiye cokalin.

Sokewar da ka share ita ce aikin. In aka haɗa ruwan azurfa da na gishiri, sinadarin sodiyam na gishiri da naitiret na ruwan azurfa yadda suka shiga haka suke zama, ba sa canzawa. Su ake kira 'yan kallo, shi ya sa ake soke su a ɓangarorin biyu. Azurfa da kuloraid na gishiri ne suke haɗuwa su zama farin nan, kuma guntun layin da ka cike shi ne amsar. Khaulat ta ci, kai ka kayar da ita, da kyakkyawar niyya.

Malam ya yi daidai a maki, ya yi kuskure a baki. Amma gishirinka gwajin ajin gaba ɗaya zai ɓata, har da na Khaulat, mai gadi kuma ya rasa abincinsa. Ga shi ruwan yana baƙanta fata, kwana da kwanaki ba ya fita. Yatsunka ne za su ba da shaida.

Ka fara ba Khaulat haƙuri, ban da zolaya. Sannan ka je wajen Malam tare da mahaifinku, ka faɗi abin da ya faru, ku roƙi ya tambaye ta da baki tunda hannu ba ya aiki. Maganar da ya yaɓa maka, bar wa mahaifinku ya yi masa ita, ta fi nauyi a bakinsa.

Allah ya ba ta lafiya, ya mayar mata da makinta, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.