Kada Ku Zaunar Da Ashraf

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Muttaka Babaji, mai ɗinkin hula a Ƙofar Durbi, na rubuta wannan wasiyya ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mani. Jiki ne kawai ya ƙi.

'Ya'yana Abbas, Safara'u, Suwaiba, kun san ciwona: jinina in ya fara zuba ba ya tsayawa. Ranar kaciyata aka gane, har an fid da rai da ni. Tun daga nan Inna ta hana ni gudu da ƙwallo, tana rarrashina da fura da ƙosai. Ƙauna ce. A zaune na girma, jini na taruwa a gwiwoyina har suka sandare, ƙiba ta hau ni. Yanzu jijiyar zuciya ta toshe. Likita ya ce maganinta mai tsinka jini ne: in ya ba ni isasshe jini na iya ɓalle mani ta ciki, in ya hana zuciyar na iya tsayawa. Ya ce in rage nauyi da tafiya, alhali ƙafar ba ta kai ni zaure. Ina jin ana tayar da jam'i a masallacin unguwa, ni ina sallata bisa kujera.

Na ɗaya. A raba gidan nan yadda shari'a ta tsara. Kayan ɗinkina na riga na ba Suwaiba, ita ta koyi sana'ar.

Na biyu. Ana bina bashin jini. Maƙwabta da yawa sun miƙa hannu an ɗiba domina. Abbas, ciwon bai taɓa ka ba, ta 'ya'ya mata yake bi. Ka riƙa zuwa asibiti kana bayarwa.

Na uku. Safara'u, mijinki Bala ya daina gaishe ni tun da ciwon ya bayyana ga ɗanku Ashraf. Na yafe mashi. Ki ce mashi ya daina ɗora maki laifi. Daga gare ni ya fito, ni ma ban zaɓa ba. Duk namijin da ke ko Suwaiba kuka haifa, a gwada jininsa kafin wanzami ya taɓa shi.

Na huɗu shi ya fi damuna. Ɗiyata, na ga Ashraf na leƙen yara ta taga, ke kuma kina miƙa mashi lemo da cincin. Haka aka fara da ni. Ki nemo mashi allurarsa ta tsayar da jini, ki tambayi likita motsin da ya dace da shi. Abbas, ka riƙa takawa da shi zuwa hasumiyar Gobarau bayan la'asar. Wata rana zai ji ciwo, Safara'u, kuma za ki yi kuka. Ki kai shi asibiti. In ya warke ki sake buɗe mashi ƙofa.

Ina da nauyi. Ku nemi masu ɗaukar makara da dama, ku roƙa mani su yafe wahalar.

Allah Ya yi maku albarka, Ya ba ku lafiyar da za ku bauta maSa a tsaye. Ku riƙe juna, kada ciwon ɗayanku ya zama nasa shi kaɗai.