Abin da Aka Rubuta a Ƙarƙashin Hoton Baba

Haɗejia, 6 ga Janairu

Yaya Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Jamus? Mutan gida duk lafiya, suna taya ki murnar lambar yabon da kuka samu ke da abokin aikinki kan binciken ambaliyar kogin nan namu.

Baturen jaridar da kika ce zai zo ya ga inda kika tashi ya zo ya tafi, ya bar ni da tambayoyi. Kin san mu da baƙo. Kwana uku Inna tana sa mu shara da goge-goge, har zaure aka yi wa fenti. Baba ya saka farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya jera littattafansa talatin da ɗaya a kan tabarma, ɗaya na kowace shekarar da ya yi yana rubuta tsayin ruwa a ma'aunin bakin gada. Na yi wa mutumin bayani da Turancina na malamar firamare cewa da su kika fara bincikenki. Ya ɗauki ɗaya ya buɗe, ya ce madalla, ya ajiye. Kyamararsa ko motsi ba ta yi ba.

Washegari ranar gayya ce, ta yankan ciyawar kachala da ta toshe hanyar ruwa wajen Kirikasamma. Baba ya ce ba zai fasa gayya don baƙo ba. Ya sa tsummansa na aiki, ya shiga ruwa da lauje. Ki zo ki ga Bature! Har gwiwa ya kutsa cikin taɓo yana ta ɗauka, kamar an ce masa gobe kogin zai ƙafe.

Ni dai ban gane ba. Su a can, sai mutum ya yi datti yake kyau a hoto? Kuma shi abokin aikin naki, an je garinsu an ɗauki babansa? Ki ba ni amsa, abin ya tsaya mini a rai.

Ki huta lafiya. Ƙanwarki,
Falmata


Jamus, 29 ga Janairu

Falmata,

Wa'alaikumus salam. Ki gaida Baba da Inna da kyau.

A'a, ba wanda ya je garinsu. Jaridar ta fito jiya, shafi ɗaya nasa, ɗaya nawa. Shi an ɗauke shi a ɗakin bincike, an kira shi Farfesa, an tambaye shi yadda lissafin yake aiki. Lissafin da ni na gina, Falmata. Ni kuwa an yabi murmushina da launin mayafina, an tambaye ni yadda na "kuɓuta". Har yau ina so in san daga me.

Hoton Baba ya cinye rabin shafina. Ba su sa sunansa ba. A ƙarƙashi sun rubuta: "Mahaifinta, wani masunci da bai taɓa riƙe alƙalami ba."

Ga abin da ya fi ci mini rai: sun nuna mini kafin su buga, kuma na yi shiru. Bara na gyara wa wani mai shiri a talabijin kuskure ɗaya, cikin ladabi. Mako guda ana rubuta cewa ni mai zafin rai ce. Abokin aikina idan ya daki teburi, sai a ce mai kishin gaskiya ne. Baƙar mace kuwa ko gira ta ɗaga ta zama labari. Na ji tsoro kada su sake, ana saura kwana goma bikin ba da lambar. Kunya ta ishe ni.

Baturen ya ce zai aiko muku da jaridar ta gidan waya. Ina roƙonki, idan Baba ya tambaya, ki ce an rubuta "Mahaifin Dakta". Zan san yadda zan yi daga baya.

Allah ya bar zumunci. Yayarki,
Ummussalma


Haɗejia, 20 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini tun kafin ki karanta.

Jaridar ta iso. Baba ya yi murna, ya kai ta majalisarsu, su Malam Yunusa suna ta tsokanarsa wai ya zama ɗan fim. Da ya dawo ya tambaye ni, na faɗa masa yadda kika ce. Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa. Ya ce tawa fassarar kalma biyu ce, ta Bature kuwa tara, to ina sauran bakwai suka shiga? Kin manta wa muke so mu yi wa wayo. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana ƙirga ruwa ba zai kasa ƙirga kalmomi ba.

Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ita ta sani?" Sai na miƙa masa wasiƙarki. Sau biyu ya karanta ta, sannan ya ce in ba shi takarda. Ga tasa nan na haɗa da tawa, ban buɗe ba.

Taki har kullum,
Falmata


Ummussalma,

Bayan sallama da addu'a, Allah ya yi miki albarka.

Taɓo ba abin kunya ba ne, da ƙafata na shiga. Masunci ma ba zagi ba ne. Abin da nake so in sani shi ne wannan: mutumin nan ya riƙe littafina a hannunsa, ya ga rubutuna da idonsa. To ina ya kai abin da ya gani?

Ban yi fushi da ke ba. Amma ban san cewa a inda kike, sai kin haɗiye magana kafin a bar ki ki zauna lafiya ba. Wannan ya fi hoton yi mini ciwo.

Ki aiko mini da sunansa da adireshinsa. Zan rubuta masa da hannuna, ke ki fassara. Idan kina tsoro, ki sa sunana kaɗai a ƙasa, ni ba abin da za su iya yi mini. Sai dai na fi so in ga naki kusa da nawa.

Mahaifinki,
Bunu Ari