Hoton Yaya Na'Allah

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Saƙo daga ƙetaren iyaka: Yaya Na'Allah ya yarda in ɗauke shi hoto. Shekara arba'in ina sana'ar nan a Illo, na ɗauki amare, na ɗauki shanu, shi bai taɓa tsaya mini ba. Sai yanzu da ciwo ya kwantar da shi. Sharaɗinsa biyu: sau ɗaya zan danna, kuma ba da waya ba. Wai hoton waya yawo gare shi.

In na kuskure, fuskarsa ta tafi ke nan.

Talata, 8 ga Oktoba

Kyamarar ta tsufa tare da ni. Allon bayanta ya mutu, ma'aunin haskenta ma haka, sai an kai memori Bagudo a ga abin da aka ɗauka. Da can ban damu ba, da ido nake auna haske. Idon ne yanzu kamar an shafa masa koko. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ɗiyata Sabuwa ta saka mini wata manhaja a waya. A nuna mata wuri, ta faɗi yadda za a buɗe idon kyamara. Na ce, wayar da ba ta san hanyar Lafagu ba, ita za ta koya mini rana?

Ta ce, "Baba, gwadawa dai. Mi za ka rasa?"

Na zaunar da Muhsin mai shayi cikin farar riga irin ta Yaya. Idona ya ce lamba huɗu, waya ta ce sha shida. Ƙaramar lamba, babban buɗi ke nan. Na ɗauki duka biyun.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bagudo. Hoton da waya ta auna: riga tas, fuska kamar gindin tukunya. Nawa: haske ya cinye mutumin, sai hula. Wannan ma mai shagon ne ya faɗa mini, ni na yi kamar ina dubawa.

Maƙaryata biyu, kuma ɗaya a cikin kaina yake. Ya Allah.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An bugo waya daga gidan Yaya. Ya daina cin tuwo, sai kunu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na gane wayar nan. Ba ƙarya take yi ba, ruɗuwa ce: ta ga farar riga, ta ɗauka duniya duk haske ce. Na tuna wanda ya koya mini aiki, tafin hannunsa yake dubawa kafin ya danna. Na nuna mata tafina kusa da fuskar Muhsin, ta ce sha ɗaya. Na ƙara buɗi ɗaya don baƙar fata: takwas.

Babu lokacin komawa Bagudo in tabbatar. Gobe za mu ƙetara.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An jingine Yaya a gindin mangwaro, ya rame ƙwarai. Da ya ga waya ya ce, "Arzika, mi na ce maka?" Na ce awo kawai take yi, Yaya, kamar mudu. Ya ce, "Tafinka take karantawa? Ashe boka ka ɗauko."

Waya ta ce sha ɗaya. Na sa takwas. Na leƙa in daidaita fuskarsa, ban same ta ba. Fari kawai, da inuwa a sama.

Na ce, Sabuwa, zo ki leƙa nan, ki murɗa idon kyamarar har sai kin ga zanen kuncinsa. Ba ta tambaye ni dalili ba. Na danna.

Yaya ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun bara. Ya riƙe hannuna, bai sake shi ba sai da aka kira azahar.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An binne shi da hantsi.

Laraba, 23 ga Oktoba

An wanko hoton. Sabuwa ta ce zane uku na kunci sun fito, da furfurar gira, kuma wai dariya yake ƙoƙarin ɓoyewa. Na sa ta maimaita sau uku.

Wayar dai sa'a ta ci. Ban goge manhajar ba, don ban san inda ake gogewa ba.

Sabuwa ta ce likitan ido yana zama ranar Litinin a Birnin Kebbi. Na ce ina da wanda zan gaisar a can dama.