Aljihun Rigar Kasuwa

Quincy, Florida
19 ga Yuni

Yaya Odessa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar, ya sanyin safiya na garinku? Ya maigidan da jikin nasa? Katinki ya iso, na gode.

Ki taya ni yabon dokar jiharmu, Yaya, don ban taɓa ganin mai ladabi irinta ba. In yaro ya samu bindiga a gida ya harbi ɗan'uwansa, ba ta shigowa da gaggawa. Sai ta ba ku kwana bakwai ku yi kuka, ku binne, ku wanke kwanonin 'yan gaisuwa. A rana ta takwas suka zo da sallama, suka cire hula, suka tafi da ɗana Cleon. Ko ni da na shekara talatin ina sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin titi ban iya lallashin mai saye haka ba.

An binne jikata Junie da farar rigarta ta coci. Shekara huɗu. Akwatin bai kai teburin kankanata tsawo ba. Yayanta Otis, ɗan shekara shida, shi ne abin ya tashi a hannunsa. Cleon ya gaya wa 'yan sanda cewa bindigarsa ce, shi ya manta ta a kan tebur. Lauya ya ce abin zai iya kai shekara biyar a gidan yari. Matarsa Renita ta kwashe Otis ta koma gidan uwarta, ta ce ko a lahira kada Cleon ya gaishe ta.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Verlene

3 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni.

Kin ce wasiƙata ta yi santsi da yawa, kamar ina sayar miki da kaya. Tun muna yara kike kama ni.

Bindigar ta Cleon ce, wannan gaskiya ne. A akwatin ƙarfe take kwana, da makulli. Amma duk Asabar ni nake ɗauka in sa a aljihun dama na rigar kasuwata, kamar yadda duk matan layinmu suke yi tun da aka yi wa Miss Eula fashi. Aljihun hagu kuwa na alewa ne. Kin san al'adar gidanmu tun zamanin Mama: kaka ta dawo kasuwa, jikoki su rufa wa aljihunta. Kullum sai na mayar da bindigar akwati kafin in cire rigar. Ranar an yi zafi, tukunyar gyaɗa na hannuna tana ɗiga, na rataye rigar a bayan kujera na fita zubar da ruwan gishiri. Junie ta biyo ni ƙofa tana cewa, “Kaka, mai ja ko mai kore?” Na ce, “Je ki duba, sarkin kwaɗayi.”

Ni na aike su, ita da Otis, Yaya.

An ba da belin Cleon. Na ce masa zan je in faɗa. Ya ce, “Mama, da ciwon sukarinki? Wata shida ba za ki yi a can ba. Ki yi shiru ki sayar da gyaɗarki.” Na kuwa yi shiru, har da godiya a zuci. Wannan ne cinikin da ya fi kowanne riba a rayuwata, kuma tun ranar ba na iya haɗiye abinci.

Ki gaida maigidan.
Verlene

21 ga Yuli

Yaya Odessa,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki?

Na je wurin lauyar gwamnati ranar Litinin da ta wuce, na faɗa mata gaskiya. Yarinya ce, ba ta kai Renita ba. Ta ba ni ruwa, ta rubuta komai, ta sa Miss Eula ta shaida cewa a aljihuna bindigar take yini. Sun janye babbar tuhumar daga kan Cleon, saura ta ƙaryar da ya yi musu. Ni za a gurfanar ranar tara ga wata mai zuwa. Cleon bai yi mini magana ba. Renita ta koma gidan mijinta, ni kuma na bar musu gidan na koma ɗakin bayan coci, don ba ta son ganina, kuma ban ga laifinta ba.

Jiya bayan sujada Otis ya zame daga hannun uwarsa ya zo wurina. Bai taɓa aljihuna ba. Ya ce, “Kaka, an kama Baba, za a kama ke. Ni yaushe?” Na ce doka ba ta kama yara, ɗan nan. Ya ce, “To ni wa zai hukunta ni?”

Ki gaida kowa, kada ki wahalar da ƙafarki ki ce za ki zo. Lauyana ya ba ni dokar a takarda, na bi ta layi-layi da tabarau. Ke da kika fi ni karatu, a wane shafi suka sa amsar da zan ba yaron nan?

Ƙanwarki, Verlene