Muryar da Ta Ce a Yanke

Zuwa ga yayana Ilo, bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na rubuta ne don mutanen garinmu Isawan su karanta, domin akwai kayanka da na daɗe ina riƙe da su.

Ka tuna shekarar da ƴan sinima suka zo daga Yamai, ba da daɗewa da samun mulkin kai ba, ana tsakiyar awon gyaɗa a Tasawa. A labarinsu, wani zai sauka rijiya, maƙiyinsa ya yanke masa igiya. Aka ce musu in suna son mutum ya faɗa rijiya ya fito da ransa, su nemi Ilo mai haƙar rijiya. Suka damƙa maka aikin. Ni kuwa, mushen lekwal, wato malamin makarantar boko, mai farar riga, aka ɗauke ni tafinta. Har tafiyata ta canza.

Kwana huɗu ka hana su ɗaukar hoto. Ka shirya igiya biyu: ta kaba wadda za a gani a yanke, da ta rama, ɓoye cikin rigar mai sauka, ɗaure da turke a bayan rijiya. Ka yi ta jefa buhun gyaɗa mai nauyin mutum, kana duba inda zai tsaya. Anasaran da ke shugabantar aikin ya yi ta huci, kai ko a jikinka. Kullum maganarka ɗaya: "Buhu ba ya da uwa, shi ya sa shi ke fara sauka."

Wanda zai sauka shi ne Ɗan Tani, ɗan kokawar Mayahi, matarsa da tsohon ciki. Mai wuƙa kuwa Hamza mahauci. Ka kafa masa doka a gaban kowa: ya juya baya ga jama'a, kada wuƙa ta taɓa igiya sai ya ji muryarka.

Ranar ta zo, da hantsi. Ɗan Tani yana lilo a cikin rijiya mai zurfin gaba talatin. Saukarsa kawai ake ɗauka, yankan sai daga baya. Kai kana durƙushe a turke, ka kwance ƙullin igiyar rama kana sake shi, don bai kwanta maka ba.

Sai wani jaki ya ratso gaban na'urar ɗaukar hoto. Anasara ya daka tsawa da kalmarsu, "Kupe!" A bakin ƴan sinima, nufinta a tsayar da ɗauka. Ni a lekwal ma'ana ɗaya aka koya mini. Na buɗe baki da ƙarfina na ce, "Yanke!"

Yaya, tun muna yara Inna ba ta rarrabe muryata da taka ta bayan danga.

Hamza ya yanke.

Na ga igiyar rama tana gudu a ƙasa. Na ga ka faɗa mata da hannu biyu, ta ja ka a kan ciki har bakin rijiya, ka tokare da ƙafa. Tana cin tafinka, jini yana bin ta, ba ka saki ba. Sai da maza shida suka kama kafin a iya ɓamɓare yatsunka. Ɗan Tani ya fito da karayar haƙarƙari biyu, amma da ransa.

Hamza ya rantse muryarka ya ji. Idon kowa yana kan rijiya, anasara kuma ba ya jin Hausa. Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya. Sannan ka ce wa jama'a kuskurenka ne.

Ka san da an gane ni ne, da na bar koyarwa a ƙasar nan, don wa zai ba da ɗansa ga malamin da Faransancinsa ya kusa kashe mutum? Sai ka ɗauki laifin. Yatsunka ba su ƙara damƙar igiya ba. Ba wanda ya sake kiran ka haƙa. A kasuwa yara suna bin ka da "Ilo Yanke", kana murmushi, ni ina wucewa a kan kekena kamar ban ji ba.

Sau ɗaya na zo zan yi maganar, ka tare ni da cewa, "Mai igiya shi ke da laifin igiya. Da na gaya wa tafinta ma ya yi shiru." Ka miƙo mini ƙwaryar fura da bayan hannuwanka, don ta haka kake riƙe abu.

Ni na yi maka wanka ranar da ka rasu. Na yi ƙoƙarin miƙe yatsun nan, suka ƙi. Na yi kuka, amma ko a ranar tsoro bai bar ni na faɗa ba.

Makon jiya na ji jikanka yana faɗa da wani yaro da ya kira shi jikan Yanke. To, ya isa. Ku da ke karantawa, Ilo bai taɓa cewa a yanke ba. Shi ne ya riƙe.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya yalwata kabarinka, ya ba ka littafinka a hannun dama, ya buɗe maka yatsun ka karɓa da kanka.

Ƙanenka mai neman gafara,
Mamman, wanda ya ce a yanke.