Soson da ke ƙarƙashin kafet ɗin Madu

Litinin, 4 ga Mayu, 2015
Amsa, 'yar ƙanin Baba, ta yi waya daga Maiduguri. An kashe mijinta, tana tafe da yara. Babu inda za mu sa su sai ɗakin yayana Madu, wanda Inna ta kulle tun da ya tafi Baga wajen aiki bara waccan, bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba. Na nemi makulli. Inna ta ce, "In ya dawo fa, Sama'ilu?" Amma ta kunto shi daga bakin zaninta.

Talata, 5 ga Mayu
Rufin ya yi yoyo damina biyu, kafet ya ruɓe. Na naɗe shi na fitar. Soson da ke ƙarƙashi kuwa ya manne da katako kamar ƙanzon tuwo. A duk ƙauyen nan Madu kaɗai ya shimfiɗa katakon maɗaci a ɗaki maimakon siminti. Kafinta ne, har daga Bagwai ake zuwa kallo, ana yi masa dariya.

Laraba, 6 ga Mayu
Da bakin tsohuwar adda nake kankarewa. Ta karce katakon a wuri ɗaya, sai na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Ni kaɗai a ɗakin.

Alhamis, 7 ga Mayu
Na gwada ruwan zafi, soson ya zama kamar kunu. Kananzir ya fi, in an bar shi ya jiƙa. Ga tsada, ga wari.
Da rana tsaka ina durƙushe na ji katako ya yi ƙara a bayana, irin ta mai jan ƙafar hagu. Haka Madu yake tafiya. Na san zafi ne ke motsa itace. Na sani. Duk da haka ban iya waiwayawa ba sai da aka kira azahar.

Asabar, 9 ga Mayu
Ban shiga ba. Na tafi gona na watsa taki.

Lahadi, 10 ga Mayu
Saura kusurwar gabas, inda Madu yake nafila. A nan soson ya fi kamawa, ya lotsa wuri biyu daidai gwiwoyi. Na daɗe ina kallo. Inna ta zo bakin ƙofa, karon farko ke nan. Na ce, "Inna, ko in bar nan, in ɗora tabarma?"
Sai ta tuɓe takalmi ta shigo, ta karɓi addar. "Kai hannunka nauyi gare shi." Ita ta kankare wurin, a hankali, har la'asar. Ba ta yi kuka ba. Ni ne na fita.

Talata, 12 ga Mayu
Na goge da man gyaɗa. Katakon ya fito ja wur, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ashe aikin nasa mai kyau ne.

Laraba, 13 ga Mayu
Amsa ta iso, ta rame ƙwarai. Yaran sun yi barci a kan katakon tun kafin a shimfiɗa musu komai.
Da yamma Inna ta ce in auno gero a rumbu, za ta daka gumba ranar Juma'a a raba a masallaci. Geron ba zai kai mu kaka ba ko a haka. Ban tambaye ta sadakar wa ce ba. Na cika kwanon har ya yi tozo.