Fitila Mai Reshe Tara

Landan, Laraba, 17 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce ta daina ɓoye magani a ƙarƙashin filo.

Yaya, ki sa ni a addu'a, akwai mai son ganin bayana a wurin aiki. Ranar Litinin mai zuwa wata shidan gwajina a wannan asibiti na Marylebone zai cika, a ranar ne manaja zai ce in zauna ko in kama gabana. Kin kuma san takardar zamana a ƙasar nan a jikin aikin take.

Ni ke kula da reception, wato wurin tarbar masu zuwa, komai na wurin a wuyana yake. Shekaranjiya na tarar an kafa bishiyar Kirsimeti, a bakin taga kuma an ajiye wata fitilar lantarki mai reshe tara, ƙwai biyu kaɗai ke ci. Da na taɓa, ashe sassauta sauran aka yi. Na ɗaure su tsaf, tara suka kama, wuri ya yi kyau. Jiya na dawo an sake kwance su, an bar uku. Yau huɗu. Kin ji rainin hankali, kullum a ƙara mini ɗaya kamar ana tsokanar yaro!

Wa ke riga ni shiga da safe? Amamata, mutuniyar Gana mai shara. Ga fara'a, ga 'yar'uwa kaza 'yar'uwa kaza, har kunu take kawo mini. Amma ban manta ta taɓa nema wa ɗiyarta kujerar nan tawa ba. So take manaja ya ga ko fitila na kasa kula da ita. Ni dai na zuba mata ido.

Ƙanwarki mai kewarki,
Fadilatu

Landan, Alhamis, 18 ga Disamba

Yaya Ummi,

Salamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya, ya jikin Inna?

Ban faɗa miki ba? Yau manaja ya turo wa kowa email, wai an kai ƙara ana taɓa fitilar nan kullum, kuma ba zai ɗauki abin da wasa ba. Na ce alhamdu lillahi, ashe ba ni kaɗai na lura ba. Ban tsaya wata-wata ba na shiga ofishinsa, na ce ya binciki mai shigowa kafin kowa. Ban kama suna ba, amma mai shara ɗaya gare mu. Kafin la'asar ya kira kamfanin da ya turo ta, ya ce kada ta sake zuwa.

Na ɗan ji wani iri, ban ɓoye miki ba. Amma ita ta ja wa kanta.

Taki,
Fadilatu

Landan, Asabar, 20 ga Disamba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya. Ni kam jiki lau, zuciya ce ba lau ba.

Jiya da safe na tarar ƙwai shida na ci, alhali Amamata ba ta zo ba. Sai na bar su yadda suke, ban taɓa komai ba. Wajen ƙarfe uku, ina shirin tashi, sai ga Dakta Miriam, wata dattijuwar likita Bayahudiya da ba mu cika haɗuwa ba. Ta tafi taga, ta ɗaure ƙwai ɗaya tak, ta juyo tana yi mini godiya, wai yau ce rana ta farko da ba a taɓa mata ita ba.

Yaya, ashe ba kayan ado ba ce. Menorah suke ce mata, ta idinsu ce mai kwana takwas. Ta ce a can zamanin da, man da zai kunna fitilar ɗakin ibadarsu a Ƙudus na kwana ɗaya ya rage, amma ya ci kwana takwas. Shi ya sa kowace yamma ake ƙara haske ɗaya, ta tsakiyar kuwa mai hidima ce ga sauran. Ta ce duk makon nan tana shigowa ta tarar an kunna duka, ta ɗauka wani ne ke nuna mata ba a son ta a wurin, har kuka ta yi a mota. Ita ta kai ƙarar.

Innalillahi! Ni ce mai taɓawar, ni ce kuma na kai shaida. Ina tsaye ina gyaɗa mata kai kamar mutuniyar kirki. Ba wanda ya sani, in na yi shiru Litinin aiki nawa ne. Kunya ta ishe ni, Yaya, har abinci na kasa ci.

Na kira Amamata sau uku, ba ta ɗauka ba, kuma ban ga laifinta ba. Ɗazu bayan azahar na rubuta wa manaja komai, da hannun da ya ɗaure ƙwayayen da bakin da ya yi ƙazafin, na roƙe shi ya dawo da ita. Na riga na tura.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. In kin ji na ce a share mini ɗakina, kin san yadda Litinin ta kasance.

Ki yi mini addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Fadilatu